Daga Yamai zuwa Tawa: abin da allunan hanya ke cewa

Motar Tawa kan tashi daga Yamai tun da asuba, don haka cikin gyangyaɗi na wuce Dosso. Sai a Dogon Dutsi na wartsake, masu ƙosai da dafaffen ƙwai sun yanyame tagogi. Allon bakin gari ya ce Dogondoutchi. A Ƙonni kuma Birni N'Konni. Da muka kai Tsarnawa muka bar babbar hanyar Maraɗi, muka miƙe arewa cikin duwatsun Adar.

Maƙwabcin kujerata tsohon mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, a Badagishiri zai sauka. Da ya ga ina ta kwafe alluna a waya, sai ya zaro wata takarda daga cikin leda, ta yi ja, an lilliƙe ninkinta da salatif. Takardar haihuwarsa ce. An buga Badaguichiri da tafireta, harafin "g" ya huda takardar.

"Ɗana, karanta mini da Hausa."

Na gwada, bakina ya harɗe, muka tuntsire da dariya.

A cewarsa, ba a taɓa tara mutanen garin an tambaye su yadda za a rubuta sunansu ba. Tafinta ya faɗa, Bafaranshe ya rubuta yadda kunnensa ya ji, da ƙa'idar harshensa: "ou" a madadin "u" ko "w", "ch" a madadin "sh", "gui" don kada a karanta "ji". Da fari kowane kumandan na mulkin mallaka da irin tasa. Littafin haraji ne ya fara tsayar da guda, taswira ta ɗauka, sannan hatimin ofis da allon hanya. Dokar 2002 da ta kafa kwaminoni, wato ƙananan hukumomi, ta jera sunayen a haka.

Rubutun Hausa kuwa ya samu tasa ƙa'idar daban. An yi taron UNESCO kan rubuta harsunan Afirka ta Yamma a Bamako a 1966, gwamnatin Nijar ta fitar da ƙa'idar rubuta harsunan ƙasa a 1999, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Duk da haka alluna ba su motsa ba. Ni dai da son raina a ga rubutu biyu a kowane allo, na Faransanci da na Hausa. Malam ya girgiza kai: allo mai sauƙi ne, takardu ne aiki. Ya ce ya sha ganin yaro ya yi ta zirga-zirga gab da jarrabawa, don harafi ɗaya na sunan garinsu ya saɓa tsakanin takardar haihuwa da ta makaranta.

Ya sauka wajen kasuwa, wani jikansa ya karɓi jakar. Ƙaren mota ya buga ƙofa yana kiran ragowar fasinja, "Tawa! Tawa!" Mun shiga garin bayan la'asar, na tari ɗan kabu-kabu zuwa masauki, muka yi ta ciniki a kan dala ashirin.