Na'urar haidurojin ba ta mutuwa rana ɗaya

Aikinmu kula da ƙananan na'urorin da ke raba ruwa gida biyu da wutar lantarki, haidurojin gefe, oksijin gefe. Ni da yarana muke a shagonmu a Kano, kuma yawancin masu kiranmu ɗakunan gwaje-gwaje ne da suka fi son su samar da gas ɗinsu nan take maimakon ajiye tukunya.

Kiran da muka fi samu shi ne: "Injiniya, jiya lafiya lau take, yau ta ƙi tashi." Nakan ce, ranka ya daɗe, ta jima tana ciwo, ba a dai lura ba ne. A lissafi bolt 1.23, wato ma'aunin ƙarfin wuta, ya isa ya raba ruwa, amma a aikace kowane ƙaramin sashe na cikinta da ke raba ruwan yana cin 1.8 zuwa 2. Tana tsufa adadin nan yana hawa kaɗan-kaɗan. Gas yana fita yadda ya saba, wutar da take sha ce ke ƙaruwa, rarar kuma ta koma zafi. In ƙarin ya kai kashi 10 cikin 100, masu ƙera ta sukan ɗauka lokacin canji ya yi.

Abin da ya fi kashe su a hannunmu ruwa ne. A tsakiyar na'urar akwai wani tantani da ake kira Nafion, kaurinsa bai kai rubu'in milimita ba, ta cikinsa ƙwayoyin haidurojin masu caji ke ratsawa kafin su zama gas a ɗaya gefen. Ba ya son komai sai ruwan da aka tace tas, wanda babu ɗigon gishiri a ciki. To sai tataccen ya ƙare ranar da aiki ya matse, wani ya yanka ruwan leda ya zuba, a ganinsa ai mai tsabta ne tunda ana sha. Na sha daban, na na'ura daban. Kalsiyam da ƙarfen da ke cikinsa sai su maƙale a tantanin su tare hanya. Mukan kwance mu tarar da fari-fari ya kama, irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi. Ƙarfen ma ya fi muni, don yana haddasa sinadaran da ke cin tantanin har ya sirance. Abin yana min ciwo ƙwarai, saboda kuɗin matatar ruwan da aka ƙi canzawa bai kama ƙafar kuɗin abin da ya lalace ba.

Ɗauke wuta ma yana nasa. Kashewa da kunnawa ba ƙaƙƙautawa suna zaizaye iridiyam ɗin da aka shafa a ɓangaren oksijin, shi kuwa ƙarfe ne mai wuyar samu: abin da duniya ke haƙowa a shekara bai kai tan 10 ba, mafi yawa daga Afirka ta Kudu. Shi ya sa ba ma haɗa na'ura sai da inbata da batir. Haka in aka rufe ɗaki hutu mai tsawo babu ruwa a tanki, tantanin bushewa yake.

Duk inda muka ɗauki aiki muna rataya ƙaramin littafi a jikin na'urar. Duk wata yaro zai je da mita ya rubuta bolt da zafi da tsabtar ruwa, don mai ita ya san lokacin fara tanadi, tunda kayan canji daga waje ake odarsu.

Abu ɗaya ne ba na yi ko nawa za a biya. In tantani ya sirance, gas ɗin haidurojin yakan tsallako cikin oksijin, kuma daga wajen kashi 4 cikin 100 haɗin yana iya fashewa. Saboda haka ake saita manyan na'urori su kashe kansu tun a kashi 2. Akan roƙe ni in tsallake abin da ke kashe ta a ƙarasa aikin mako. Amsata ita ce a rufe ta, in taimaka a samo tukunyar gas ta aro har kaya su iso.