Kwas ɗin da na raina

Da na ga tarihin farkon Amurka a cikin kwasa-kwasan zangon nan, wallahi raina shi na yi. Na ɗauka labarin George Washington ne da 1776, a haddace, a rubuta jarrabawa, a huta.

Ashe ba haka ba ne. Malamar daga Jamestown ta faro, garin da Turawan Ingila suka kafa a Amurka a 1607. Turawan Ingila sun je neman zinariya, suka tarar da fadama da sauro. A hunturun 1609 zuwa 1610 yunwa ta kusa ƙarar da su, kusan mutum 60 ne suka rage. Noman taba ne ya tsamo su. Ita kuwa gonar taba hannu take ci. A 1619 jirgi ya sauke bayi 'yan Afirka ashirin da 'yan kai, daga yankin Angola.

Amma wanda ya tsaya mini a rai shi ne Ayuba Sulaiman Diallo. Bafulatani ne daga Bundu, cikin Senegal ta yau, ɗan malami, mahaddacin Alƙur'ani. Aka kama shi a wajen kogin Gambiya, aka kai shi Maryland aikin gonar taba. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ce ta faɗa hannun wani Bature a Landan, ta zama sanadin 'yancinsa. A 1734 ya kama hanyar gida.

Sai malamar ta ƙara da cewa shi ma bayi ya je sayarwa aka kama shi. Aji ya yi tsit. Biro na hannuna, amma har aka tashi ban rubuta komai ba. Sai da na ari littafin na kusa da ni na kwafa.