Ba launin dizal ke kwantar da tarakta ba

Taraktocin da ake kiran mu gyara a gonakin Epe, Ikorodu da Badagry, yawancinsu ba tsufa ke kwantar da su ba. Tsohuwar Massey Ferguson 375 mai injin Perkins, in ana kula da ita, sai ta ga jikokin mai ita. Abin da ake ɗura mata a tanki shi ne ke kawo ta garejinmu a Agege.

Yaran gareji yanzu kowa da waya a hannu, suna kallon yadda Turawa ke noma. Wani daga cikinsu ya taɓa tambayata: "Oga, wai jan dizal ɗin nan da suke zuba wa tarakta a Ingila, ya fi namu ƙarfi ne?" Na ce masa a'a. Jan nan rini ne kawai, kuma maganar haraji ce. A Ingila da Amurka gwamnati na ɗora haraji mai nauyi a kan man motocin da ke hawa titi, sai ta sassauta wa manoma. Don kada mai tirela ya saci hanya ya sha mai arha, sai a rina na gona ja, ta yadda jami'i na tsoma roba a tanki zai gane. A Ailan ma kore suke rina shi. Tun Afrilun 2022 Ingila ta janye wannan rangwame daga masu gine-gine da wasu sana'o'i, amma ta bar wa manoma. Injin kuwa bai san launi ba.

In kuma ana maganar zuba wa tarakta man ɗumama ɗaki, wanda suke ƙonawa a can lokacin sanyi, nan ne zancen ya rabu biyu. Na Amurka ɗan'uwan dizal ne na kusa, har tsohuwar tarakta kan iya tafiya da shi, ko da yake ba a tace shi don inji ba. Na gidajen Ingila kuma mafi yawansa kananzir ne. To nan ne maganar ta iso gida, don mu a Legas ba mu ɗumama ɗaki, zafin da Allah ya ba mu ya ishe mu, amma kananzir a cikin dizal mun san shi sarai.

Abin da mai gona ba ya gani shi ne, famfon da ke harba mai cikin injin irin waɗannan taraktoci ba ya shan baƙin mai. Dizal ɗin da ke ratsa shi, shi ne kuma ke ba ƙarafan cikinsa santsi. Ƙarafa ne da aka goge su suka haɗu ƙam, ko ƙura ba ta samun wurin shiga tsakaninsu. Kananzir ya fi dizal tsinkewa, ba shi da santsi. Ka murza dizal mai kyau tsakanin yatsu biyu za ka ji maiƙo ya zauna, ka murza kananzir ka ji ya bushe nan da nan. Tarakta za ta tashi da shi lafiya lau, ta yi huɗa yau ta yi gobe, mai ita yana murna ya rage kuɗi. A ciki kuwa ƙarfe na cin ƙarfe. Alamar farko, da safe ta tashi, amma in ta yi zafi aka kashe ta sai ta ƙi tashi har sai ta huce. In muka kwance famfon, sai ka ga ɗan garin ƙarfe yana ƙyalli a gindin tire, sandar da ya kamata ta yi sumul ta yi zane-zane. Daga nan babu sauran dabara sai sabon kan famfo, kuɗinsa kuma ya ninka abin da aka rage a mai sau da yawa.

Gaurayen nan ya fi yawa a zamanin da kananzir ke da tallafi, farashin gwamnati naira 50 lita, dizal kuma an daɗe da sake shi ga kasuwa. Da aka cire tallafin a 2016 ribar ta ragu. Sai dai 'yan bumburutu ba su rasa abin sayarwa ba: akwai man da ake dafawa a ɓoye a dazukan Neja Delta, wanda ba wanda ya auna sulfa (wato sinadarin farar wuta) ko dattin da ke cikinsa. Sulfa in ta yi yawa tana lalata baƙin mai da wuri, dole a riƙa juye shi kafin lokacinsa. Sababbin taraktoci masu kwamfuta, waɗanda ke harba mai da matsi mai tsanani, su kam ba su yafewa. Turai ta tsayar da sulfa a kashi 10 cikin miliyan, Amurka 15, kuma don irin wannan man aka ƙera su.

Ni dai a ganina, ruwa ya fi kananzir ɓarna a Legas, kuma shi ba kowa ke zargi ba. Mai gona zai sayi dizal mai kyau daga dafo a Apapa ko wanda ya fito daga matatar Dangote da ke Lekki, ya ajiye a duron da bai cika ba a bakin gona. Iskar garin nan cike take da laima. Da dare ta yi raɓa a jikin duron daga ciki, ta gangara ƙasa, tunda ruwa ya fi dizal nauyi. Bayan 'yan watanni sai wani baƙin yauƙi ya tsiro a mahaɗar ruwan da man, ya toshe filta. Direba kuma ya zo ya karkata duron, ya tsiyaye har gindi.

Wani Alhaji mai gonar masara a wajen Epe ya ce min, "Malam, ai daga gidan mai na saya, da rasit." Na ce, "Alhaji, ban musa ba, Allah ya ƙara arziki. Amma zo ka gani." Na kwance kofin gilashin da ke ƙasan filta na ɗaga masa a rana: ruwa a ƙasa, mai a sama, layi a tsakani. Tun daga ranar ya sa aka ɗora duron a kan katako a inuwa, aka ɗan karkata shi, ana barin sabon mai ya kwana kafin a ɗiba, kuma ba a zura tiyo har ƙasa. Direbansa na cika tanki da yamma bayan an tashi aiki, don kada a bar wa raɓa wuri, da safe kuma ya zubar da ruwan kofin kafin ya murza makulli. Duron da aka shafe cikinsa da zinki ma na ce a daina zuba dizal a ciki, don man yana cin shafen, ya kai shi bakin nozil, inda mai ke feshi cikin injin, ya toshe.