Godiya bayan tattakin masu ciwon sukari

Assalamu alaikum. Mu ma'aikatan lafiyar da muka shirya tattakin 14 ga Nuwamba, Ranar Ciwon Sukari ta Duniya, muna miƙa godiya ga iyayenmu maza da mata da suka fito tun bayan sallar asuba. Mun gode wa mai unguwa da limaman da suka yi shela, da matasan da suka riƙe hannun tsofaffi, musamman kuma nas-nas ɗin da suka durƙusa suna taɓa tafin ƙafar jama'a da siririn zaren robar nan mai gwada ji. Allah ya saka da alheri.

Waɗanda aka taɓa ba su ji ba, da masu kukan ƙafa na zafi kamar an shafa barkono, ku ne kuka fi tsaya mana a rai. Sukarin da ya daɗe a sama yana lalata jijiyoyin ji da ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su. Tafiya tana sauke sukari, tana kai jini ƙafa. Ku yi minti 30, kwana 5 a mako, kada ku wuce kwana 2 a jere ba ku motsa ba.

Sai dai ƙafar da ba ta ji, ido ne mai gadinta. Ku zazzage kambas kafin ku sa, domin tsakuwa ɗaya tana iya huda fata ba ku sani ba, har abin ya zama gyambo. Ban da silifas, ban da tafiya ba takalmi. In kun dawo, ku duba tafin da madubi. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu. A shafa mai a dunduniya saboda fason hunturu, amma kada a sa tsakanin yatsu. Mai rauni a ƙafa ya dakatar da tattaki, ya zo asibiti, ya riƙa motsa hannuwa daga zaune.

Masu allurar insulin ko shan ƙwayar maganin sukari ta glibenclamide, ku auna sukarin jininku kafin fita. Idan bai kai 100 mg/dL ba, ku ɗan ci wani abu. In jiri, rawar jiki da gumi suka zo a hanya, ku tsaya ku sha sukari babban cokali ɗaya, ku sake aunawa bayan minti 15.

Iyayenmu da aka ce su dawo a sake dubawa, don Allah ku zo da takalmin da kuke yawo da shi kullum, muna son mu ga cikinsa.