Manhajar da ba ta tsayawa jiran amsa

Jama'a duk mai rubuta manhaja don mutanen karkara ya zo ya ɗan zauna a ƙauyukan Ringim, wallahi zai canza tunani. Wadda muka yi wa ƙungiyar manoma ta rajistar taki, da farko in ka danna tura sai ta tsaya cak tana jiran saba, wato babbar kwamfutar da ke karɓar bayanan, ta amsa, netwok ɗin namu kuwa sai ka hau tudu ka ɗaga waya sama, dattawa na layi cikin rana, allo na ta juyawa har ta ce an kasa.

Sai muka mayar da ita kamar kai niƙa inji, ka ajiye kwanonka ka tafi harkarka. Yanzu waya tana adana buƙatar, da netwok ya leƙo ta tura, saba ta amsa da 202, wato na karɓa amma ban gama ba, ta jefa aikin a layin RabbitMQ, wato manhajar da ke jera ayyuka su jira a zo kansu, wata saba ta ɗauka ta yi, in an gama saƙo ya zo wa manomi.

Abin da ya fi tayar min da hankali maimaici ne, don waya in ba ta ji amsa ba sake turawa take, sai a rubuta wa mutum ɗaya buhu biyu wani ya rasa, kuma wannan haƙƙi ne fa. Yanzu kowace buƙata da lambarta, in saba ta ga lambar da ta sani sai ta maido amsar farko kawai. Saura mu gyara rubutun "ana kan aiki", don wasu na ɗauka an gama su tafi gida.