Daren da na haɗe katunan sabar, na kulle kaina a waje

Sabar tamu Windows Server 2019 ce, ita ke riƙe da DNS na ofis, wato tsarin da ke fassara sunan inji zuwa adireshinsa na IP. Katin sadarwa biyu gare ta, kowanne gigabit 1, amma ɗaya kawai ke aiki, ɗayan na zaman kashe wando. Sai na ce bari in haɗe su, in kebul ɗaya ya samu matsala ɗan'uwansa ya ɗauki kayan.

Daga gida na yi, da dare, ta Remote Desktop, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa. Na zaɓi tsarin haɗi na LACP don na ji ana yabonsa, na danna. Allo ya daskare. Na jira, na sake gwadawa, shiru kake ji. Garin neman gira na rasa ido.

Da asuba ina tsaye gaban injin na gane ɓarnar kashi biyu ce. LACP yarjejeniya ce tsakanin sabar da suwic, na'urar da kebul ɗin ke shiga, dole a saita ramukan suwic ɗin su ma, ni ko ban taɓa su ba. Sannan haɗin yana haifar da sabon kati na ƙirƙira, kuma adireshin IP ɗin da ke kan tsohon katin bai bi shi ba, sabon ya tsaya yana jiran DHCP, mai raba adireshi kai tsaye. Na rushe haɗin, na sake shi a tsarin da bai dogara da suwic ba, na rubuta adireshin da hannu.

A cikin wannan gaggawar na tafka ta uku. A gurbin DNS na sabon katin na saka 8.8.8.8, DNS na Google. Intanet ya buɗe fes, har na yi hamdala. Amma ina Google zai san sunayen injunan cikin gidanmu? Na gwada nslookup, umarnin binciken suna, a kan sabar, ta kasa gano sunan kanta. Gurbin nan adireshinta ya kamata ya ɗauka. Su 8.8.8.8 da 1.1.1.1 wurinsu jerin masu karɓar tambaya ne, cikin saitin DNS, inda sabar ke tura duk sunan da ba nata ba ta tasha 53.

A jerin ne na ci karo da abin da ya daɗe yana damun mu. Adireshin farko na wani kamfanin intanet ne da muka rabu da shi tuntuni. Sabar kan tambaye shi, ta yi daƙiƙa 3 tana jiran matacce, kafin ta wuce na gaba. Ashe nauyin da ake ta kuka da shi ke nan. Na goge shi.

Kafin ma'aikata su iso na bar ping, umarnin da ke duba ko sabar na amsawa, yana tafiya, na zare kebul ɗaya. Amsa ɗaya ta faɗi, sauran suka ci gaba. Sai na kwafi babban fayil ina sa ran ninkin gudu. Ko gezau: kwafi guda kati guda yake bi.