Barewar da na raunata a Kolarado saboda bindigar da ta fi ƙarfina

Wallahi har yau in na tuna da barewar nan sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji, yadda take jan ƙafar baya tana haura tudu, 'yan uwanta sun yi mata nisa ita kuma tana ta ƙoƙarin cim musu. Ni na jawo mata wannan, kuma tun a shagon sayar da bindiga na jawo shi, wata biyar kafin in taka dajin.

Ni jikan maharbi ne, can wajen Ningi. Kakana da bindigar toka yake farauta, ya ɗaura kan burtu a goshi ya yi ta rarrafe yana kwaikwayon tafiyar tsuntsun har sai ya zo dab da barewa, taku ashirin ko talatin, sannan ya sake ta. To da na zo Amurka na zauna a Denba, babban birnin jihar Kolarado, na ga mutane suna fita farauta da lasisi hankalinsu kwance sai jinin ya motsa. Na yi kwas ɗin da jihar ta wajabta, na cika takardar neman izini a watan Afrilu, ƙuri'a ta faɗo kaina aka ba ni izinin mace ɗaya ta irin barewarsu da suke kira pronghorn. Duk wannan bai ba ni wahala ba. Matsalar ita ce filin gabashin Kolarado ba irin dajinmu ba ne, fili ne fetal ba bishiya ba kurmi, dabbar kuma idonta kamar madubin hange, tana hango ka tun daga nesa ta zura da gudu, ita ce ma ta fi kowace dabba gudu a Arewacin Amurka. Dole sai harbin nesa, yadi 200, 300, wani lokaci fiye.

Abin da nake so bindiga ɗaya ce tak da za ta yi min komai, dilan nan nasu kayoti da hunturu, 'yan kuregen fili da bazara, barewa a Oktoba. Da farko bindigar da ake kira .22-250 Remington na sa a rai don harsashinta gudu gare shi ba na wasa ba, mai nauyin giren 55 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) yana fita da kusan ƙafa 3,700 a daƙiƙa. Sai wani dattijo Bature da muke aiki tare ya ce min in manta da ita in dai barewa nake nufi, dokar Kolarado ba ta yarda a harbi manyan namun daji da harsashin da faɗinsa bai kai .24 na inci ba, wato milimita 6, kuma na barewa sai harsashin ya kai giren 70.  Ya ce in sayi .243 Winchester ko 6.5 Creedmoor in huta. Sau biyu ya faɗa min, har a takarda ya rubuta.

Na je shago da takardar a aljihu. Mai shagon ya tambaye ni ko ina da niyyar farautar elk wata rana, gwankin nan nasu mai ƙaton jiki, na ce ƙila. Shi ke nan ya samu ƙofa. Ya ɗauko .300 Winchester Magnum ya ɗora min a hannu, wai da wannan ba abin da zai gagare ni a nahiyar nan, wai iska ba ta kaɗa harsashinta, wai in na sayi ƙarama shekara mai zuwa zan dawo in sake kashe kuɗi. Kan ƙarfi dai ba ƙarya ya yi ba, bindigar tana da duk ƙarfin da ya faɗa. Abin da bai tambaye ni ba shi ne sau nawa na taɓa harba raifil a rayuwata, amsar kuwa ba ta kai goma ba. Ni ma zuciyata ta raya min cewa babba ai ita ce babba. Na biya, da madubin saiti da komai ya haura dala 1,500.

Ranar farko a filin gwaji harbi na uku kafaɗata ta fara zogi, na goma kuwa har haƙorana nake ji. Shurinta ya ninka na .243 fiye da sau biyu, ga ƙara kamar aradu duk da abin toshe kunne, ga tsadar harsashi, kwali ɗaya mai guda 20 sai ka ji shi a aljihu. Saboda haka daga Mayu zuwa Oktoba kwali biyu kacal na harba, duka a kan tebur, bindiga a kan buhun yashi, yadi 100. Harsasan suna warwatsuwa a takarda ni kuma ina ɗora wa madubi laifi, yau in murɗa shi hagu gobe dama. Ban gaya wa dattijon nan abin da na saya ba, kunya nake ji.

Ranar farautar ni da abokin tafiyata mun fito tun asuba, sanyi ga iska tana kaɗawa daga yamma. Wajen ƙarfe goma na hango garke, na rarrafa iya yadda zan iya, na'urar auna nisa ta ce yadi 340. Ban taɓa harbi a wannan nisan ba ko sau ɗaya, amma maganar mai shago tana kunnena, wai iska ba ta kaɗa ta. Na kwanta, na yi Bismillah, na ja kunama. Na ji ƙarar da harsashi ke yi in ya sami nama, garke ya watse, ita kuma ta durƙusa ta miƙe ta bi su da ƙafa uku. A cinya na same ta, nesa da inda na yi saiti da fiye da kamu ɗaya.

Mun bi jini har magariba. Digo nan digo can, a ciyawar da ta bushe, mu haura wannan tudu mu gangara wancan, duk sanda muka hango ta sai ta ƙara gaba don ko da ƙafa uku ta fi mu sauri. Dokar jihar ma ta ce in ka raunata dabba dole ka yi iya ƙoƙarinka ka bi ta, amma ni ba doka ce a raina ba lokacin, haƙƙi ne. Da gari ya waye muka same ta a wani kwari, diloli sun riga mu, saura kai da fata da ƙashin baya. Kwana ta yi tana shan azaba sannan aka cinye ta ƙila da ranta, ba yanka ba nama, an yi asarar rai a banza. Na naɗe kayana na koma gida, ban sake neman wata ba a shekarar duk da izinin yana hannuna.

Da na kira Baba na ba shi labari shiru ya yi, can ya ce kai wane, kakanka bai taɓa sakin harbi ba sai ya ga ƙiftawar idon dabba. Na ce Baba nan fili ne ba a iya matsowa haka. Ya ce to sai ka bar ta ta tafi. Ban sami abin cewa ba.

Dattijon nan ne ya gano ciwon. Da na daure na faɗa masa bai yi min faɗa ba, ya ce mu haɗu a filin gwaji ranar Asabar. Ya ce in juya baya shi zai riƙa loda min, wani lokaci ya sa harsashi wani lokaci ya bar ta wayam ban sani ba. Karo na uku ba komai a ciki, na ja kunama ta yi ƙas, sai ga bakin bindiga ya dunkuya ƙasa, kafaɗata ta zabura gaba, idona a rufe gam. Ashe tun kafin harsashi ya fita jikina yake tare shurin, ni ban ma san ina yi ba. Ɗan motsin da a yadi 100 zai kauce da inci huɗu ko biyar, a 340 ya ninka sau uku da ɗoriya, ka haɗa da iskar da ban lissafa ba, ga cinya nan maimakon bayan kafaɗa.

Na sayar da .300 ɗin da faɗuwar kusan dala 400 ban ko yi ciniki ba. Sai da na yi wata huɗu ina harba 'yar ƙaramar .22 ta aro kafin zaburar ta sake ni, ita ce fa ta fi cin lokaci, saurin kamawa gare ta amma fita sai a hankali.

Tsakanin bindigogi biyun da dattijon ya rubuta min tun farko na daɗe ina juyawa. Ita .243 tun 1955 take, kwanson harsashin wata bindiga .308 ne aka matse masa wuya zuwa milimita 6, kuma in dila da kurege suka fi yawa a farautarka ita zan ce ka ɗauka, ka sa mata mara nauyi giren 58 zuwa 75 don ƙanana, lokacin barewa ka koma 95 ko 100, shurinta kuwa yaro ma zai iya. Sai dai yawancin tsofaffin ƙirarta murɗin cikin bututunsu, wanda ke juya harsashi, zagaye ɗaya ne a inci 10, ba sa riƙe dogayen harsasai masu nauyi sosai, su kuwa dogayen su ne ke jure iska. Ita 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady suka fitar a 2007 murɗinta ɗaya a inci 8 ne, don dogon harsashi aka yi ta. Ni iskar filin nan ce ta tsorata ni shi ya sa na ɗauke ta. Da giren 143, in ka daidaita saiti a yadi 200, a 300 yana sauka kusan inci 8, a 400 kusan 22, iska mai gudun mil 10 a awa kuma tana ture shi wajen inci 10 a yadi 400, rabin abin da za ta yi wa ɗan harsashin .22-250 kenan. Aibinta ɗaya da na gani, tana ɓata fatar dila in fatar kake so. Ita .308 ma ba laifi, harsashinta ko'ina akwai, amma ta ɗan fi shuri kuma ni na riga na ƙoshi da shuri.

Bazarar da ta biyo na harba sama da 300, na bar tebur gaba ɗaya, a kwance nake yi bindiga a kan jakata, da gangan nake zaɓar ranar da ake iska. Farantin takarda nake kafawa don faɗinsa kusan daidai yake da inda huhu da zuciyar barewa suke. Inda na daina samun biyar cikin biyar nan ne iyakata, kuma a yadi 300 ta tsaya. Bindigar za ta iya ninkin haka, ni ne ban kai ba. Masu ɗora bidiyon harbin yadi 700 suna ba ni haushi yanzu, ba wanda ke nuna wadda ya fasa wa ciki ta gudu.

Da na sake samun izini garke biyu na bari suka wuce, ɗaya a yadi 380, ɗaya kuma iska ta yi yawa har ciyawa na kwanciya. Na uku na yi kusan awa ɗaya ina jan ciki, ƙayar kaktus ta cika min gwiwa da tafin hannu, har na'ura ta ce 230. Bismillah, na ja a hankali, wannan karon idona biyu a cikin madubi na ga inda ya shiga, bayan kafaɗa daidai. Taku kaɗan ta yi ta faɗi. Na ruga na same ta da sauran numfashi na fuskantar da ita alƙibla na yanka, hannuna na rawa. Maman yara ta yi mana dambun nama da cinya ɗaya, na kai wa dattijon nan cikin roba ranar Litinin, ya ci yana ta shan ruwa saboda yaji yana cewa in ƙaro masa.